Shekara Huɗu da Aka Roƙe Ni In Goge

Kafin ka shiga wannan karatu, buɗe Farawa sura 27 ka bi ta a hankali, gama za mu komo kanta. Yau da wani abu da ya same ni zan fara, kuma tambayar da ya bar mini ita zan ajiye a gabanka: idan ƙofa ta buɗe wa ɗanka, amma mabuɗinta ƙarya ne, wa ya buɗe ta?

Wata Lahadi bayan sujada, wata uwa daga cikin 'yan zumuntar mata ta jira har kowa ya watse, sa'an nan ta matso. Gwauruwa ce, da tuyar ƙosai take riƙe gida. Ɗanta na fari dogo ne ƙwarai, tsawonsa ya kusa mita biyu, sai ya sunkuya kafin ya shiga ƙofar majami'armu. Wani ɗan bautar ƙasa da ya taɓa koyarwa a wajenmu shi ya fara nuna masa ƙwallon kwando, da bakin tayar keke da aka ƙusance a jikin darbejiya. Yaron ya je wajen kawunsa a birni, aka gan shi yana wasa, wani mutum ya ce zai iya samo masa gurbin karatu kyauta a makarantar sakandare a Amurka. Sharaɗi ɗaya ne. Yaron shekararsa 20, mutumin yana so takardu su nuna 16.

Ta ce mini, "Malam, ba ni da takardar asibiti, a gida na haife shi. Abin da ke akwai sai littafin ikkilisiya da aka rubuta ranar da muka miƙa shi ga Ubangiji. Ka rubuta mana wasiƙa cewa 2009 ne, mu kai kotu mu yi rantsuwa. Ka kuma sa mu a addu'a, Allah ne ya buɗe wannan ƙofa."

Littafin yana hannuna. Wanda ya riga ni aiki a nan ya rubuta da shuɗin biro, 2005.

Kada ka yi saurin hukunta ta. Ka fara sanin yadda tsanin nan yake, domin sai ka san shi za ka gane dalilin da shekara huɗu ta zama abin ciniki. A Amurka yaro yakan fara da ƙungiyar makarantar sakandare, kuma makarantun suna da iyakar shekarun da in ka wuce ba za ka buga musu ba. Daga nan jami'o'i su zaɓi waɗanda suka yi fice, su ɗauke musu kuɗin karatu da abinci da wurin kwana, su kuma su buga wa jami'ar. Daga jami'a sai babbar gasar ƙwararru ta NBA, wadda take da ƙungiyoyi 30. Sau ɗaya a shekara ƙungiyoyin nan sukan zauna su zaɓi sababbin 'yan wasa, zagaye biyu, kimanin mutum 60 ke nan daga duniya duka, kuma ba a ɗaukar wanda bai kai shekara 19 a shekarar zaɓen ba. Masu zaƙulo 'yan wasa ba abin da yaro yake yi yau kaɗai suke saye ba, abin da zai zama gobe suke saye. Ɗan shekara 16 da ya iya abu kaza, sai su ce ga zinariya a cikin ƙasa. Ɗan shekara 20 da ya iya wannan abu daidai, sai su ce ya riga ya kai iyakarsa. Hannu ɗaya, tsalle ɗaya, farashi biyu.

Akwai waɗanda suka hau tsanin nan mataki-mataki. Precious Achiuwa, wanda aka haifa a Fatakwal a 1999, iyayensa masu hidima ne a ikkilisiyar Fentikos kamar tamu. Ya tafi Amurka tun yana ɗan yaro, ya yi sakandare a can, ya yi shekara ɗaya tak a Jami'ar Memphis, a 2020 ƙungiyar Miami Heat ta ɗauke shi a matsayi na 20. Irin labarin da matasanmu suke kallo a waya ke nan. Abin da ba sa lura da shi, ya isa can da wuri. Yaronmu na nan kuwa, lokacin da ya kamata ya hau matakin farko, yana gudun ceton rai.

Wannan shi ne hujjar uwar ta farko, kuma ita ce mafi nauyi. Kai da kake zaune tsakanin Sabon Birni da Isa ba sai na ba ka labari ba. Ka san shekarun da aka rufe makarantun kwana, ka san 2021 da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan har da namu, ka san iyalan da suka tsallaka iyaka zuwa yankin Maraɗi suka bar gero a gona. Yaron nan ya yi asarar shekarun karatu ba da laifinsa ba. Uwar tana cewa, abin da aka sace masa ne kawai take so ta mayar masa a takarda. Na yarda an zalunce shi. Amma ka tambayi kanka, daga hannun wa za a karɓo shekarun? 'Yan bindigar da suka cinye su ba za su biya ko kwana ɗaya ba. Gurbin nan guda ne. Akwai wani yaro, wataƙila a Zuru, wataƙila a Jos ko Juba, wanda da gaske shekararsa 16, uwarsa ita ma tana azumi a kansa. Za a tsayar da su biyun a fili ɗaya, a gwada su da ma'auni ɗaya, namu ya ture shi da ƙarfin ƙashin da ya girme shi da shekara huɗu, a ce namu ya fi baiwa. Wancan yaro zai koma gida yana zaton shi ne bai iya ba. Ba mu san fuskarsa ba, shi ya sa muke cewa ba wanda aka cuta. Da a ce yana zaune a benci na biyu a majami'armu, da bakinmu bai iya faɗar haka ba.

Hujja ta biyu ita ce wadda ake yawan ji a kasuwa: "Wa ya san ainihin ranar haihuwarsa a ƙauye? Duk ƙiyasi ne." Gaskiya ne da yawa daga cikinmu an haife mu ba rajista, iyayenmu sukan ce shekarar fari, ko damanar da gulbi ya cinye gari. Wanda bai sani ba, ya tambayi manya, ya yi ƙiyasi da zuciya ɗaya, ya je kotu ya yi rantsuwa a kan abin da ya fi kusa da gaskiya, bai yi zunubi ba ko da ya kuskure da shekara. Amma wanda ya sani ya canza, ya ɓuya a bayan rashin sanin wasu, wannan wani abu ne dabam. Uwar nan ta san damanar da ta haihu. Ni ma na sani, domin shuɗin biron yana gabana.

Sai ta uku, wadda ta fito daga bakin wani dattijon ikkilisiya da na nemi shawararsa ba tare da na ambaci suna ba. Ya tuna mini da ungozomomin Masar a Fitowa sura 1, waɗanda suka ɓoye wa Fir'auna gaskiya don jarirai su rayu, da Rahab a Yariko da ta ɓoye 'yan leƙen asiri. Ya ce, fitar da saurayi daga wannan yanki ai ceton rai ne, hanyar Isa zuwa Sabon Birni ta ci samari nawa? Na kwana biyu ina juya wannan magana, gama ba ta banza ba ce. Abin da na gani shi ne, matan nan kansu suka jefa cikin hatsari domin wani ya tsira, kuma wanda suka ɓoye wa gaskiya shi ne mai takobi a hannu. A namu zancen, wanda za a yaudara shi ne makarantar da ta miƙo hannun taimako, wanda zai biya kuɗin kuma yaro ne marar laifi. In don tsira ne kawai, yaron ya riga ya tsira, yana birni wajen kawunsa. Abin da ake nema yanzu ɗaukaka ce. Neman ɗaukaka ba laifi ba ne, amma kada mu sa mata rigar ceton rai don mu sami izinin yin ƙarya.

Yanzu koma Farawa 27. Ka lura uwa ce ta ƙulla dabarar, kuma don ƙauna ta ƙulla. Tun kafin a haifi tagwayen, Rifkatu ta riga ta ji daga wurin Ubangiji cewa ƙaramin ne zai zama gaba. Alkawari yana hannunta. Da ta ga kamar lokaci zai ƙure, sai ta ɗauki fatar akuya ta taya Allah aiki. Mu 'yan Fentikos mun ƙware a wannan, sai mu ga ƙofa, mu tura ta da kafaɗa, mu hau bagade mu ba da shaida cewa Ubangiji ya yi. Yakubu ya sami albarkar, ba a ƙwace ta ba. Amma ka bi shi a surorin da ke gaba: ya gudu daga gida, ya yi shekara 20 a hannun Laban, wanda ya sauya masa amarya a cikin duhu kamar yadda shi ya sauya kansa da wansa a gaban uba makaho. Daga baya 'ya'yansa suka kawo masa rigar Yusufu da jinin akuya. Littafin kuma bai nuna mana ya sāke ganin uwarsa ba. Ta yi domin ta ɗaga ɗanta, abin da ta samu shi ne rabuwa da shi.

Akwai kuma nauyin ɗaukar ƙaryar kanta. Ba wasiƙata kaɗai ba ce. Daga ita sai rantsuwar kotu, sai lambar NIN, sai fasfo, sai biza, kowace takarda tana tsaye a kan ta ƙasa da ita. Yaron zai koyi sabuwar ranar haihuwa, ya ɓoye shekarar da ya gama firamare, ya mai da ƙanensa wansa in an tambaye shi. A 2016, a garin Windsor na ƙasar Kanada, an kama wani saurayi daga Sudan ta Kudu da yake buga wa makarantar sakandare ƙwallon kwando a matsayin ɗan shekara 17. Da ya nemi bizar shiga Amurka, zanen yatsunsa ya yi daidai da wata tsohuwar takardar da ta nuna ya kusa 30. Daga fili sai wurin tsare baƙin haure. Mu ma a ƙasar nan mun sha kunyar wannan abu: a 1989 hukumar FIFA ta dakatar da Najeriya shekara biyu daga gasannin matasa saboda saɓanin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa, kuma a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009, wadda aka buga wasu wasanninta a Kano da Kaduna da Bauchi, sai da aka kawo na'urar MRI tana duba wuyan hannun yara, don ƙashin wurin yakan haɗe idan mutum ya gama girma. Ramin ƙarya ƙurarre ne, in ji Bahaushe. Duk da haka ba zan gina maganata a kan tsoron kamu ba, domin zan zama maƙaryaci in na ce maka kowa ake kamawa. Wasu sun wuce lafiya, sun gina wa iyayensu gidaje. In dalilinka na ƙin ƙarya shi ne za a gane, ranar da ka tabbata ba za a gane ba, ba ka da sauran dalili.

Ba daga kan tudu nake yi maka magana ba. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, kafin in shiga makarantar tauhidi, na je neman aikin gwamnati da aka sa wa iyakar shekaru. Na shiga kotu na ɗaga hannu na rage biyu. Aikin ban samu ba, takardar kuwa ta bi ni. Da ita na cika fom ɗin makarantar tauhidi, ina zaune a aji ana koya mana Dokoki Goma da ranar haihuwar ƙarya a fayil ɗina. Ba wanda ya kama ni. Abin da ya dame ni, duk ranar da na tsaya zan tsawata wa wani a kan gaskiya, sai muryata ta yi sanyi a cikina. Sai a shekarata ta ƙarshe na je na faɗa, na sha kunya da zirga-zirgar gyaran takardu. Shi ya sa da matar nan ta yi magana, ban ji ƙyamarta ba, kaina na gani.

To, in an ƙi wannan hanya, shi ke nan baiwar yaron ta mutu? A nan nake so ka san labarin wani mutumin Zariya. Masai Ujiri an haife shi a Ingila a 1970, amma a Zariya ya tashi. Ƙwallon ƙafa ya fara bugawa kamar kowane yaron Arewa, sai yana da kimanin shekara 13 ya koma ƙwallon kwando, a hannun Oliver Johnson, wani koci Ba'amurke da ya daɗe yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello. Ya je Amurka, ya ɗan zauna a Seattle, sa'an nan ya shiga Bismarck State College, wata ƙaramar kwalejin shekara biyu a jihar Dakota ta Arewa mai tsananin sanyi, lokacin ya riga ya haura shekara 20. Ya koma wata jami'a a Montana, bai daɗe ba ya bari. NBA ba ta taɓa ɗaukarsa a matsayin ɗan wasa ba. Ya yi wajen shekara shida yana buga wa ƙananan ƙungiyoyi a Turai, Ingila da Beljiyam da wasu wurare, har ya ajiye wasa a 2002. In da ma'aunin matasanmu za a auna shi a wannan rana, sai a ce ya fāɗi.

Abin da ya yi bayan haka shi ne ya karɓi aikin zaƙulo 'yan wasa wa ƙungiyar Orlando Magic ba albashi, yana biyan kuɗin tafiya daga aljihunsa, yana kwana a ɗakunan abokai. Daga nan Denver Nuggets ta ɗauke shi da albashi. A 2010 ya zama babban manajan ƙungiyar, ɗan Afirka na farko da ya riƙe irin wannan muƙami a NBA. A 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugabannin ƙungiyoyi na shekara, ya koma Toronto Raptors, a 2019 kuma ƙungiyar da ya haɗa ta doke Golden State Warriors ta ɗauki kofin NBA karo na farko a tarihinta. Tun 2003, yana ɗan ƙaramin ma'aikaci, ya kafa Giants of Africa, wadda take shirya wa yaran Afirka sansanonin horo, tana kuma gina filayen wasa. Shi ne ma ya kawo Achiuwa Toronto a 2021.

Ka yi hankali da yadda za ka ɗauki wannan labari. Ba ina ce maka ka riƙe gaskiya za ka zama shugaban ƙungiya a Kanada ba. Wannan zai zama irin wa'azin cinikin da nake ƙi, kuma ko shi Ujiri, Toronto ta sallame shi a 2025. Dubban da suka bi hanya madaidaiciya sun ƙare malaman motsa jiki a makarantun gwamnati, ko 'yan sanda masu buga wa ƙungiyar ma'aikatarsu, ba wanda ya san sunansu. Abin da labarin ya nuna mini ƙarami ne amma ya isa: dillalin nan ya yi wa uwar ƙarya da ya ce ƙofa ɗaya ce, kuma tana rufewa a shekara 16. Kwalejojin shekara biyu suna karɓar waɗanda suka girma. A gida ma akwai filin Jami'ar Ahmadu Bello da ya fitar da 'yan wasan ƙasa, akwai gasar jami'o'i ta NUGA, akwai ƙungiyar ƙwallon kwando ta Kano Pillars da ta sha ɗaukar kofin ƙasa. Dukansu sun fi tafiyar hawainiya, ba su da walƙiyar da ake gani a waya, kuma kusan dukansu suna bukatar abin da yaron bai da shi tukuna, wato takardar kammala sakandare. A gefe guda kuma, ka sa mutum 60 a shekara kusa da yawan samarin duniya masu wannan mafarki. Abin da ake so ikkilisiya ta sayar da sa hannunta a kansa, caca ce.

Ka ga na ce sa hannun ikkilisiya. Littafin nan ba nawa ba ne. A cikinsa akwai ranakun aure da baftisma da jana'izar mutanen da wasunsu ba su da wata shaida a duniya cewa sun taɓa rayuwa sai shi. Mu 'yan kaɗan ne a ƙasar Gobir, maƙwabtanmu Musulmi suna kallonmu, kuma abin da ya sa alƙali ko shugaban makaranta yake karɓar wasiƙa mai hatimin majami'a shi ne zaton ba ma rubuta abin da ba haka ba. In na goge 2005 yau, gobe marainiyar da take bukatar wasiƙar gaskiya don gādon ubanta za ta kai takardar da ba ta da daraja.

Na ce wa uwar, "Mama, wasiƙa zan rubuta, da hatimi, amma abin da ke cikin littafin zan sa. Addu'a kuma zan yi, ba dai a kan waccan takarda ba." Ta dube ni ta ce, "Malam, naka 'ya'yan suna makaranta a Sakkwato." Ban sami abin ce mata ba, domin gaskiya ta faɗa. Ta yi Lahadi biyar ba ta zo sujada ba. Na kuma san sarai ba sai da ni za a iya yin rantsuwar kotu ba, ƙin da na yi bai toshe musu hanya ba, hannuna kawai na cire.

Ranar wata kasuwa yaron ya zo da kansa, ya sunkuyo ta ƙofa ya zauna a ƙasa, gwiwoyinsa sun kusa kai haɓarsa. Ya ce, "Baba, mutumin ya ce in fara aske gemu kullum, in daina gaya wa mutane ina da ƙane mai shekara 18." Ya yi shiru, sa'an nan ya tambaye ni ko wanda ya bar makaranta shekara uku zai iya zana NECO daga waje. Na ce zai iya. Ya karɓi wasiƙar mai 2005, ya ninke ta ya sa a aljihu. Uwarsa ta dawo sujada, tana zama a bencin baya, gaisuwarmu ba ta wuce "ina kwana" tukuna.

Zumuntar matasa ta tara rabin kuɗin rajistar jarrabawarsa. Sauran rabin, da kuɗin motar da zai je gwaji Zariya bayan jarrabawa, za a karɓa a baiko na musamman ranar Lahadi ta biyu ga wata. Takalmin wasa ma muna nema, lamba 48, in akwai wanda ɗan'uwansa yake sayar da gwanjo a Kano.